'Yar kwalbar Line Speed: nisan da ta ƙara wa jifana, da wanda sabulu ya riga ta ƙarawa

Ni ɗan Yauri ne, a bakin Neja na tashi, saboda haka da aiki ya kawo ni Peterborough a Ingila ban ɗauka akwai wanda zai koya min riƙon fatsa ba. Wani abokin aikina ne ya fara kai ni Rutland Water wata Asabar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Babbar madatsar ruwa ce da aka gina a shekarun 1970, ana turo mata ruwa da famfo daga kogunan Nene da Welland, kuma duk shekara ana zuba mata kifin tirawut don masu kamu. A nan na ga irin fatsar da ban taɓa gani ba, na kuma gane cewa ɗalibi zan koma.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, don in ba haka ba, duk maganar wannan kwalba ta Line Speed, man da ake shafa wa igiyar fatsa, ba za ta yi ma'ana ba. A fatsarmu ta gida, dalma ce ke da nauyi. Ka wurga dalma, ta ja zare ta tafi da shi. A wannan kuwa babu dalma. Abin da ke bakin ƙugiya ƙudan bogi ne da aka ɗaura da gashin tsuntsu da zare, bai fi nauyin ƙwayar gero biyu ba, ko yaro ba zai iya jefa shi taku biyar ba. Igiyar ce da kanta ake jefawa. Kauri gare ta kamar taliya, an lulluɓe ta da roba, tsawonta yakan kai ƙafa 90, wajen mita 27 ke nan. Tun 1961 masu ƙera kayan kamun kifi a Amurka suka tsayar da ma'auni, ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya a ba ta lamba. Tawa lamba 7 ce, wato wannan sashen nata bai wuce giram 12 ba. To wannan giram 12 ɗin, da ɗan abin da ya biyo bayansa, shi ne zai ja sauran igiyar daga ƙasa ko daga kan ruwa, ya ratsa da ita ta cikin zobba goma sha ɗaya da ke jikin sandata mai ƙafa 10, ya kai ta inda kifi yake. Ƙarfin kaɗan ne. Duk inda igiya ta ɗan cije, an ci wani abu daga cikinsa.

Na yi shekara biyu ban san da wannan lissafi ba. Ina tsaye a gaɓa cikin watan Afrilu, kifi na ta ɓullowa yana cin ƙwari a gabana, amma ko yaushe kamar da gangan, taku huɗu ko biyar gaba da inda ƙudana ke faɗuwa. Na zargi kafaɗata. Na zargi iska. Na zargi sandar har na fara leƙa farashin wata sabuwa da dare, ina ɓoye wayar kada uwargida ta gani.

Wani dattijon Bature da muke yawan haɗuwa kusa da tsohon cocin Normanton, wannan da ke tsaye a bakin ruwa kamar zai nutse, shi ya raba gardamar. Ya daɗe yana kallona, sai ya matso ya ce in miƙo masa igiyar. Ya fito da farin hankici daga aljihu, ya matse igiyar a ciki, ya ce in ja. Na ja kamar mita uku. Da ya buɗe hankicin sai ga layi biyu baƙi ƙirin, da ɗan kore-kore a gefe. Ya tambaye ni yaushe rabona da wanke ta. Na ce ana wanke ta ne? Ai kullum cikin ruwa take. Ya yi dariya har da tari. Ya ce gansakuka da laka da ƙurar furanni duk suna manne mata su bushe, kuma ruwan yankin nan mai farar ƙasa ne, yana barin nasa tabon. Shi ya ambata min Line Speed na kamfanin Loon Outdoors, ya ce shi dai da shi yake amfani, amma in fara da sabulu.

Na saye shi a shagon kayan kamun kifi. 'Yar kwalba ce da ba ta fi babban yatsa ba, kuɗinta bai kai na tikitin kamun yini ɗaya ba. Abin da masu shi suka ce yana yi shi ne ya tsaftace igiya mai yawo a saman ruwa, ya cike ƙananan ƙarce-ƙarcen jikinta, ya bar ta da santsi, ya kuma kare ta daga rana. Umarnin a taƙaice yake: a shafa, a bar shi ya bushe, ya fi kyau ya kwana, sannan a goge.

Da yake ni mutum ne mai taurin kai, sai na ce ba zan yarda da kowa ba sai na auna. Akwai filin ƙwallo a bayan unguwarmu. Na fita da sassafe raɓa ba ta bushe ba, na shimfiɗa tef ɗin awo, na ɗaura ɗan ulu ja a madadin ƙugiya don kada in maƙale wa karen wani a kunne. Na yi jifa goma da igiyar yadda take da dauɗarta. Yawancinsu sun sauka tsakanin mita 19 da 20. Na koma gida na wanke ta da sabulu kawai, ban shafa komai ba, washegari na dawo a daidai wannan lokacin. Jifa goma, yawanci mita 22, ɗaya ya kusa 23. Daren nan na shafa Line Speed, rana ta uku na sake fitowa. Mita 23 zuwa 24. Na san wannan ba gwajin masana ba ne. Iskar ranakun ba ɗaya ba ce, kuma mutumin da ya kashe kuɗinsa yakan ƙara ƙarfi a hannu ba tare da ya sani ba. Amma na maimaita abin sau biyu daga baya a cikin bazara, kuma yadda ya fito bai canza ba: cikin mita huɗun da na samu, kusan uku na sabulu ne da ruwan ɗumi, ɗaya da ɗan wani abu na kwalba ne.

Wani zai ce to ashe kwalbar ba ta da wani amfani. Ba haka ba ne, zan zo kan wannan. Amma tukuna ga yadda nake wankin, don a nan aikin yake.

Ina samun robobi biyu. Ɗaya da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗigon sabulu mai laushi irin na wanke hannu. Garin sabulun wanki da duk wani abu mai kaifi ba na kusantar da su, don suna iya tsotse abin da ke sa robar igiya laushi. Ina warware igiyar daga ril ɗin da ake naɗe ta, ina sauke ta cikin roba a hankali, zagaye kan zagaye, ba na juya ta da hannu, don in ka juya ta za ka kwana kana kwance ƙulli. Ta yi minti 15 ko 20 a jiƙe. Sannan in ja ta ta cikin tsumma mai laushi zuwa roba ta biyu mai ruwa zalla, in sake jan ta ta cikin busasshen tsumma. Karon farko sai da na ja ta sau huɗu kafin tsumman ya daina yin baƙi. Kana jin bambancin a yatsa tun kafin ka shafa komai: da tana ƙara tana cijewa, yanzu tana wucewa shiru.

Bayan ta bushe sai in ɗiga man a kan ƙyalle, ɗigo uku ko huɗu, in ja igiyar ta ciki daga baki har kusan ƙarshe. Mutane da yawa sashen gaba mai kauri kawai suke shafawa. Kuskure ne in nisa kake nema, domin siririn sashen baya shi ne ke gudu ta cikin zobba lokacin da ka saki igiya.

Matsalar ita ce inda za ka shanya igiya mai mita 27 ta kwana a gidan Ingila. Daren farko na zagaya ta a bayan kujerun falo biyu da marikin ƙofar kicin, ta yi ta kai da komo kamar saƙar gizo. Na manta ban faɗa wa kowa ba. Da asuba uwargida ta sauko za ta yi alwala ba ta kunna fitila ba, sai na ji kujera ta faɗi. "Baban Hanifa, wannan wane irin tarko ne ka ɗana mana? Kifin ne zai biyo ka har falo?" Tun daga ranar a bandaki nake rataye ta, manyan zagaye a kan sandar labule, kuma na sayi robobina, na bar mata na kicin ɗinta. Da safe sai in ja igiyar ta cikin busasshen tsumma sau biyu, har sai ba na jin maiƙo a hannu, santsi kawai.

Wannan gugar ta ƙarshe kada a raina ta. Akwai ranar da na yi gaggawa, na zuba man da yawa wai don ya fi aiki, ban bar shi ya bushe ba na naɗe na tafi. Kafin azahar igiyar ta kwashi yashi da ƙurar gaɓa, tana ƙuruƙuru a cikin zobba, ta fi da muni. Ga yatsuna sun yi santsi, kifi ya ɗauka, na ja, igiya ta sulɓe daga hannuna ya tafi. Laifina ne, umarnin a rubuce yake, ban bi ba. Wani karon kuma na shafa shi a igiyata mai nutsewa a hankali, don na ga ya yi wa ɗayar kyau. Sai ta ƙi shiga ruwa, ta kwanta a sama tana kallona, sai da na sake wanke ta. Na igiya mai yawo ne kawai.

To me kwalbar ke yi da sabulu ba ya yi? Abu na farko, daɗewa. Igiyar da aka wanke kawai, zuwa la'asar ta fara komawa gidan jiya, musamman a watan Yuli da Agusta da gansakuka ke yawa a Rutland. Wadda aka shafa kuwa, dauɗa ba ta kama ta da wuri. Nakan yi fita uku, wani lokaci huɗu, ina dai share ta da jiƙaƙƙen tsumma in na dawo, kafin in ji tana neman sabon shafi. Na biyu, kuma wannan ban zata ba, shi ne yadda take zama a kan ruwa. Igiya mai dauɗa tana ɗan nitsewa cikin fuskar ruwa, idan za ka ɗaga ta sai ka fizgo ta da ƙarfi, ta tashi da ƙara da fantsama, kifin da ke kusa ya watse. Wadda aka shafa tana kwance a sama, kana ɗaga sanda ta baro ruwan kamar ana ɓare leda. Ƙarfin da da nake kashewa wajen fizgo ta yanzu yana tafiya cikin jifan. Kafaɗata ta fi kowa sanin wannan bayan awa shida.

Kuma mita ɗaya da ake rainawa, a gaɓa ba ƙaramin abu ba ne. Mai kwale-kwale yana iya matsawa. Mai tsayuwa a gaɓa, inda ruwa ya kai masa cinya nan ya tsaya.

Abin da bai dace da kowa ba shi ne jiran. Wannan ba man da za ka shafa a bakin ruwa ka ci gaba da jifa ba ne. Wanda bai tuna da kayansa sai daren fita ya wuce, ko yana ɗaura takalmi da safe, ya nemi irin waɗanda ake shafawa nan take. Akwai su, masu ƙera igiya irin su RIO na da nasu, Airflo da ke Wales ma na da nasu. Ni dai na mai da shi aikin daren Alhamis.

Kafin in san duk wannan, na taɓa bin shawarar wani na fesa wa igiya man goge gaban mota. Awa ɗaya ta farko kamar an sa mata fuka-fuki. Bayan nan ruwa ya wanke shi, ya bar wani maiƙo a kan ruwa da ban ji daɗin gani ba, igiyar kuma ta koma yadda take. Ban sake ba. Haka nan maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin robar igiya, man kare fata daga rana ma ba abokinta ba ne. In na shafa ɗaya daga cikinsu, sai na wanke tafin hannu kafin in taɓa ta. Barin ta a but ɗin mota rana na duka shi ma yana tsufar da ita da wuri.

Dattijon nan bai tsaya a igiya ba, kuma gaskiyarsa. Zobba ma suna tara dauɗa. Yanzu nakan bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ya koya min in zura auduga ta cikin kowane zobe, in akwai tsagewa ko wurin da igiya ta ci ƙarfe ya yi kaifi, audugar za ta maƙale. Haka na gano zoben ƙarshen sandata ya yi 'yar kwari, yana ta yankar igiyar a hankali ban sani ba. Canza shi bai ɗauki mai gyara minti goma ba. Sai kuma lanƙwasar da igiya ke yi in ta daɗe a naɗe, musamman da sanyi. Tana fitowa a murɗe, kowane murɗi yana dukan zobe na farko kafin ya shige. Maganinta kyauta ne: kafin jifan farko in riƙa kama ta gaba-gaba ina miƙar da ita tsakanin hannu biyu. Inda igiyar ke kwance kafin ka sake ta ma abin dubawa ne. Idan a cikin ciyawa take, ko a cikin ruwa tana zagaye ƙafarka, babu man da zai cece ka. Na sayi kwandon ɗaurawa a ƙugu da ake tara igiya a ciki. Kamar mai tallan goro nake komawa in na ɗaura shi, amma a gaɓa mai duwatsu ya fi kwalbar ƙara min nisa.

Akwai wata hanya dabam da masu ƙera igiya suka bi, wadda da farko ta ɗaure min kai. Maimakon su ƙara wa igiya sumul, sai suka yi mata kaushi da gangan. Masu kamfanin Scientific Anglers na Michigan a Amurka suka fito da igiyar Sharkskin mai ƙananan zane a jiki, Airflo kuma suka yi tasu mai kwari-kwari a tsaye daga farko har ƙarshe. Hikimar ita ce kaɗan ne daga jikin igiyar zai taɓa zobe, saboda haka gugar ta ragu. Abokin aikina yana da irin ta farkon, kana jin kukanta a zobba daga nesa. Wasu igiyoyin zamani kuma an cuɗa sinadarin santsi a cikin robarsu tun daga masana'anta, masu su na cewa wanki kawai suke buƙata. Duk mai irin waɗannan ya karanta takardar da ta zo cikin kwalin igiyarsa kafin ya shafa mata wani abu. Tawa mai sumul ce ta talakawa, ta shekara uku, irin wadda wannan man ya fi yi wa amfani.

Da na je gida hutu na tafi da kayan, wai in nuna wa 'yan'uwa sabon ilimi. Na ji labarin masu zuwa kogin Faro a Kamaru suna kama giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsa, na ce mu ma ai muna da su. Na wanke igiya, na shafe ta, ta kwana. Da hantsi ya yi a bakin Neja sai ta saki jiki ta yi laƙwas kamar taliyar da ta wuce dahuwa, tana manne wa sanda, tana ƙulluwa a hannu. Igiyar ƙasar sanyi ce. Ta ƙasar zafi dabam ake yin ta, cikinta ya fi tauri, robarta ma haka, kuma wannan ba abin da mai zai gyara ba ne. Ƙanena na zaune a kan jirginsa yana gyaran birgi, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Yaya, duk wannan fama don kifi ɗaya? Kawo in jefa maka sau ɗaya mu tafi gida." Ya jefa, muka tafi gida da karfasa.

Jifan kansa kuwa, kwalba ba ta taɓa shi. Na ga wannan dattijon ya karɓi sandata da igiyar tana da dauɗarta, ranar hankicin nan, ya yi lilo biyu yana jan igiyar da hannun hagu a kowane lilo, ya aika ta inda ni har yau da wankakkiya ban kai ba. Wanda jifansa ke karyewa a mita 15 saboda yana karya wuyan hannu ko yana gaggawar dawo da sanda kafin igiya ta miƙe a baya, kuɗin malami na awa ɗaya ya fi masa kwalba goma. Wanda kuma a ƙananan rafuka yake kamu, inda kifi bai wuce mita 10 ba, nisa ba damuwarsa ba ce, sai dai ya saya don igiyar ta riƙa yawo da kyau. Mai tsayuwa a gaɓar babban ruwa da igiya mai yawo, wanda zai iya haƙurin wanki da kwana ɗaya, shi ne zan ce wa ya saya. A wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har da na sabulun gaske.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina amfani da ita, igiya biyu nake shafawa, kwalbar ba ta kai rabi ba. Makon jiya ina guga sai na ji farcena ya tsaya a wani wuri, wajen mita tara daga baki, daidai inda igiyar ta fi zama a zoben ƙarshe. Na kai ta gaban fitila na lanƙwasa, sai ga tsage-tsage a jere kamar faso, zaren ciki na leƙowa. Aikin tsohon zoben nan ne da shekarun da ta yi ba wanki. Man yana cike ƙarce, ba ya ɗinke tsaga, kuma ruwa ya riga ya fara shiga ta nan. Zan lallaɓa da ita zuwa ƙarshen kaka. Sabuwar na riga na faɗa wa uwargida farashinta, ta ce in dai ba a falo za a shanya ta ba.